Da Wane Mudu Ake Auna Malami?

Kowane kaya a kasuwa da abin da ake auna shi. Hatsi da mudu ko tiya, yadi da kamu, man ja da kwalba, zinari kuwa da ɗan mizanin da ko numfashin mai saye yakan girgiza shi. Ilmi ne kaɗai har yau ba a gama shawarar mudunsa ba. A zamanin da, idan ana so a san girman malami akan dubi yawan almajiran da suka tashi a zaurensa, da nisan garuruwan da ake barowa domin a zo a durƙusa a gabansa a ɗauki karatu. Yanzu kuwa jami'o'i sun samo nasu mudun. Akan ƙidaya maƙalun da malami ya buga, sannan a ƙidaya sau nawa sauran masana suka ambace su a cikin nasu rubuce-rubucen. A shekarar 2005 wani malamin kimiyya a Kalifoniya ta Amurka, Jorge Hirsch, ya dunƙule lissafin duka cikin lamba guda: idan an ce lambar malami 20 ce, ana nufin yana da maƙala 20 da aka ambaci kowacensu aƙalla sau 20. Wannan lamba tana nan rataye a shafin Google Scholar na malamai, kuma da yawa daga cikinmu muna leƙa ta kamar yadda mai tireda yake leƙa akwatin cinikinsa kafin ya rufe shago.

Ni ba na cikin masu raina wannan mudu, domin kuwa da babu gara ba daɗi, kuma ya rage son zuciya a wajen ƙarin girma. Abin da yake ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, akwai fagen binciken da kayan cikinsa rayuka ne, wato lafiyar mai ciki, da ta yaro, da ta muhallin da suke zaune a ciki. A irin wannan fage lambar takan gaya mana cewa malami ya ji maganar malami. To, amma mai cikin fa, ta ji? Domin in amsa wannan tambaya zan ɗauki malami guda wanda ya yi aikinsa a ƙofar gidanmu, in bi sawun aikin nasa ta hanyoyi biyu: hanyar da ta kai shi manyan tarukan duniya, da hanyar da ya kamata ta kai shi garinmu, Madakiya.

Malamin shi ne Farfesa Kelsey Harrison, mutumin Abonnema a jihar Ribas ta yau, wanda aka haifa a 1933. Ya yi karatun likita a Ibadan da Landan, ya ƙware a kan haihuwa da cututtukan mata, ya kuma fara yin suna tun yana Ibadan saboda aikinsa a kan matsanancin ƙarancin jini ga masu juna biyu. A 1972 ya zo Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a matsayin farfesa, ya zauna har 1981, daga baya kuma ya shugabanci Jami'ar Fatakwal daga 1989 zuwa 1992. Abin da ya tarar a ɗakin haihuwa na Zariya kowane likita da ya gabace shi ya tarar da shi: mata ana kawo su ranga-ranga bayan kwana biyu ko uku suna naƙuda, wasu jini ya ƙare, wasu mahaifa ta fashe, wasu ɗan ya riga ya mutu a ciki. Bambancinsa da saura shi ne ya ƙudura aniyar ƙidaya su ɗaya bayan ɗaya, a zamanin da kwamfuta ba ta zama kayan kowane ofis ba. Daga Janairun 1976 zuwa Yulin 1979, shi da abokan aikinsa suka rubuta bayanin kowace haihuwa da aka yi a asibitin ba tare da tsallake ko ɗaya ba: shekarun uwar, da tsawonta, da yawan haihuwar da ta yi a baya, da zurfin karatunta, da ko ta je awo ko ba ta je ba, da yadda ta ƙare da ita da jaririnta. Haihuwa 22,774 suka tattara. A 1985 babbar mujallar likitocin haihuwa ta Birtaniya ta ware fitowa ta musamman ta buga sakamakon.

A cikin waɗannan haihuwa, mata 238 ne suka rasu, wato kusan mace guda a kowace haihuwa 100. Da aka rarrabe su sai aka ga fiye da 200 daga cikinsu matan da ba su taɓa zuwa awo ba ne, ba a ga fuskarsu a asibiti ba sai ranar da lamari ya ɓaci. Matan da suka yi awo suka kai watan haihuwa da lafiyarsu kuwa, da ƙyar ake samun wadda ta rasu a cikinsu, alhali asibitin ɗaya ne, likitocin su ne, kayan aikin ma su ne. Haɗarin ya fi tsanani ga 'yan matan da suka ɗauki ciki ba su wuce shekara 15 ba, da kuma matan da shekaru suka fara ja bayan sun yi haihuwa biyar ko fiye. Daɗin daɗawa, shi da Farfesa Alan Fleming, masanin cututtukan jini, sun gano wani abin mamaki: ƙananan 'yan mata masu cikin fari da aka riƙa bai wa maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ƙwayoyin ƙarin jini, da yawansu sun ƙara tsawo suna ɗauke da cikin. Ma'anar wannan ita ce yarinyar ba ta gama girma ba, ita da ɗan cikinta suna rabon abinci guda, kuma in an tallafe ta ƙugunta yana iya ƙara buɗewa kafin ranar haihuwa.

Sai dai babban abin da binciken ya fito da shi ba a cikin kwalbar magani yake ba. Da Harrison ya jera alƙaluman ta kowace fuska, sai ya ga abu guda ya fi kowane raba matan da suka rayu da waɗanda suka mutu, shi ne zaman aji. Macen da ta yi makaranta ta fi zuwa awo, ta fi zuwa asibiti da wuri, ta fi tsira da ranta da na ɗanta. Saboda haka likitan da aka sa ran zai nemi ƙarin ɗakunan tiyata, sai ga shi yana kiran a sa kowace yarinya a makaranta, kuma bai fasa wannan kira ba tsawon rayuwar aikinsa.

Bari mu fara bin hanya ta farko. A shekarar da aka buga binciken na Zariya, wasu masana biyu na Amurka, Allan Rosenfield da Deborah Maine, suka yi rubutu suna tuhumar duniya da cewa shirye-shiryen lafiyar uwa da yaro sun rungumi yaron sun manta da uwar. Masu wannan ƙorafi suna bukatar hujja daga ƙasashe matalauta, kuma a lokacin ba a da hujjoji da yawa masu girma da tsari irin na Zariya. A Fabrairun 1987 Hukumar Lafiya ta Duniya da Bankin Duniya da asusun Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da yawan jama'a suka kira taro a Nairobi, suka ƙaddamar da shirin haihuwa lafiya, suka yi alkawarin rage mutuwar mata wajen haihuwa da rabi kafin shekarar 2000. Tun daga nan da wuya a yi rubutu mai nauyi a kan mutuwar mata masu haihuwa a Afirka ba a ambaci Zariya ba. Idan da mudun jami'a za a auna, to Harrison ya cika shi har ya yi tozo.

Wannan mudu yana da wata fa'ida da bai kamata a manta ba, wato yana sa na baya ya duba aikin na gaba ya gyara shi. A Zariyar dai, likitoci biyu, Neil Davidson da Eldryd Parry, sun yi nazarin ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa, suka buga a 1978, suka ɗora alhakinsa a kan wankan jego da ruwa mai tsananin zafi, da kwanciya a kan gadon ƙasa da aka hura wa wuta, da yawan shan kunun kanwa. Shekaru masu yawa haka ake koyarwa. Sai ga Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero ta Kano ya sake ɗaukar maganar, ya gano ƙarancin sinadarin seleniyom a jinin masu ciwon, sinadarin da jiki ke samu daga abincin da ƙasa ta tsirar. A babban binciken da ya jagoranta a asibitocin Nijeriya da dama, wanda aka buga a 2020, ba a ga alaƙar ciwon da al'adun jego ba, ba a kuma ga alaƙarsa da ƙabila ba. Abubuwan da suka fito su ne rama, da rashin sana'a, da hawan jinin masu ciki, da rashin zuwa makaranta. Ashe bayan shekara 35 maganar Harrison ce ta sake ɓullowa ta wata ƙofar.

To, amma ga inda gizo yake saƙar. Idan aka mayar da lissafin Zariya zuwa ma'aunin da ake amfani da shi a duniya, zai ba da mace kusan 1,045 a kowace haihuwa 100,000. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya game da Nijeriya baki ɗaya a shekarar 2020 kuwa 1,047 ne, mata kusan 82,000 a shekara guda, fiye da kashi ɗaya bisa huɗu na dukan matan da suka mutu wajen haihuwa a duniya. Gaskiya ne ƙidayar asibiti guda da ƙiyasin ƙasa ba abu ɗaya ba ne, kuma binciken gida-gida da gwamnati ta yi a 2018 ya ba da 512. Duk da haka, ko wanne mutum ya ɗauka, dole gabansa ya faɗi. An san ciwon, an san maganin, an rubuta, an buga, an yi ta ambato shekara 40, kuma ana nan ana haƙa kaburbura.

Wannan ne ya kawo mu hanya ta biyu. Madakiya gari ne na Bajju a ƙaramar hukumar Zangon Kataf, tafiya kaɗan daga Kafanchan a kan hanyar Zonkwa, kusa da inda ruwan Matsirga yake zubowa daga kan dutse. Mutanenmu manoma ne: citta, da masara, da dawa, da acca, da gwaza. Ba na jin akwai tsohuwa ko ɗaya a garin da ta taɓa jin sunan Harrison, amma na ga abin da ya ƙidaya da idona tun kafin in san an ƙidaya shi. Mahaifiyata tana da wani tsohon akwati, a ƙasansa akwai leda da ta naɗe katunan asibitinmu duka, kowane da layin da ke hawa sama yana nuna nauyin yaro wata bayan wata. Sai da na girma na san cewa wannan kati ma ɗan bincike ne. Wani likitan yara Bature, David Morley, shi ya tsara shi daga aikin da ya fara a ƙarshen shekarun 1950 a ƙauyen Imesi-Ile na ƙasar Yarbawa, shi ya kuma dage a kan a bar katin a hannun uwa maimakon a kulle shi a ofis. Wata rana na tambaye ta, na ce, "Mama, Kaka ba ta taɓa zuwa awo ba, ke me ya kai ki?" Sai ta yi dariya ta ce, "Ɗana, ni ai na yi aji huɗu. Abin da nas ta rubuta a kati ina iya karantawa, in ban gane ba in tambaye ta. Kakarka kuwa in ta ga mai farar riga sai bakinta ya mutu."

Wannan amsa ta bayyana mini abin da alƙaluma ba su iya faɗa ba. Aji huɗu ba ya koya wa yarinya aikin ungozoma. Abin da yake ba ta shi ne sabo da layi da kati da ranar komawa, da ƙarfin halin tambayar ma'aikaci, da bakin gaya wa miji cewa yau ba gobe ba za a tafi asibiti. Yana kuma jinkirta cikin fari har ƙashi ya yi ƙwari. Kudancin Kaduna ya sami makarantun mishan tun farkon ƙarni na 20 a wurare irin su Kwoi da Kagoro, kuma 'yan mata sun shiga aji da wuri, shi ya sa za ka tarar da nas-nas da ungozomomi 'yan yankin a asibitocin Arewa ko'ina, ga kuma kwalejin koyon jinya da ungozoma a Kafanchan. Wannan ba abin gori ba ne ga kowa, shaida ce kawai cewa al'amarin na aji ne da abin hannu. Matar da ba ta yi karatu ba a ƙauyen Bajju, da 'yar'uwarta a rugar Fulani, da ta cikin garin Kafanchan, duk rami guda ke jiransu.

Ko a inda aka yi karatun ma ba a tsira duka ba. A 1994 Sereen Thaddeus da Deborah Maine suka bayyana jinkiri uku da ke kashe mai naƙuda, kuma duk wanda ya tashi a ƙauye zai iya sa wa kowannensu fuska. Na farko jinkirin gida ne: maigida yana gona, ko kuɗin citta bai shigo ba, ko tsofaffi sun ce a ƙara haƙuri, cikin fari dama haka yake. A 2023 da annoba ta cinye gonakin citta a yankinmu, ba amfanin gona kaɗai ta cinye ba, har da kuɗin mota da na magani na gidaje masu yawa. Na biyu jinkirin hanya ne: rafi ya cika da damina, babur ne kawai ke shiga, ko kuma an sa dokar hana fita. Wata guda bayan taron Nairobi, a Maris na 1987, rikici ya ɓarke a Kafanchan, kuma tun daga lokacin yankin ya sha ganin dare irin wanda ba mai iya fita. Naƙuda kuwa ba ta san dokar hana fita ba, ba ta kuma tambayar addinin mai ita. Na uku jinkirin asibiti ne: an iso, amma babu jini a ajiye, ko babu wuta, ko an miƙo doguwar takardar kayan da za a sayo da tsakar dare.

A nan ne nake ɗan rabuwa da malamin. Harrison bai yarda a dogara da ungozomar gargajiya ba, har a 2011 ya yi rubutu yana cewa horar da su ba zai rage mace-mace ba, gara a zuba kuɗin a kan ƙwararru da makarantu. Ta fuskar jini da tiyata yana da gaskiya, domin babu tsohuwar da za ta iya ƙara wa mace jini a ɗaki. Amma a ƙauyukanmu tsohuwar nan ita ce ake fara kira, kuma kalmarta ta "a tafi" ko "a dakata" ita ce ke yanke jinkirin farko ko ta tsawaita shi. A nawa ganin, wanda ya bar ta a duhu ya bar ƙofar gidan a kulle.

Saura muhalli, wanda sau da yawa akan ɗauke shi wani fage daban, alhali cikin uwa shi ne muhallin yaro na farko, kuma abin da uwa ta shaƙa ko ta ci yana isa gare shi. A ɗakin girkin ƙauyenmu da damina, itace ɗanye, ƙofa a rufe saboda ruwa, mai ciki tana durƙushe tana hura wuta, wani yaron yana goye a bayanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a 2020, cikinsu da yara 'yan ƙasa da shekara biyar fiye da 237,000. A Ibadan, Farfesa Christopher Olopade da abokan aikinsa sun gwada abin a kan mata masu ciki 324, suka bai wa wasunsu murhu mai amfani da itanol marar hayaƙi, sauran suka ci gaba da itace ko kananzir, sai aka ga hawan jini ya fi sauƙi ga masu sabon murhun. A gona kuma maganin feshi ya maye gurbin fartanya, na sha ganin mace da tsohon ciki tana ɗebo ruwan da za a haɗa shi, na kuma sha ganin galan ɗinsa an wanke an zuba gishiri ko man ja.

Abin da ya faru a Zamfara ya isa wa'azi. A Maris na 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka lura yara suna ta mutuwa da jijjiga a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, da farko ana zaton zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau. Ashe dutsen zinarin da ake kawowa cikin gidaje ana dakawa ana niƙawa cike yake da dalma, ƙurarsa ta bi tsakar gida da kwanukan abinci da hannuwan yara masu rarrafe. Masu binciken da suka bi gida-gida a ƙauyuka biyu sun tarar yara 118 daga cikin 463 'yan ƙasa da shekara biyar sun mutu a cikin shekara guda, wato ɗaya bisa huɗu. Gaba ɗaya an rasa yara aƙalla 400. Dalma takan kwanta a ƙashin mace shekara da shekaru, in ta ɗauki ciki sai ta taso ta ratsa mabiyiya ta shiga jikin ɗan tayi, ta taɓa ƙwaƙwalwar da ba a ma haifa ba. An kankare ƙasar gidajen, an ba yara magani, an share Bagega a 2013, an buga maƙalu masu yawa. Amma a 2015 sai ga irin wannan a Shikira ta ƙaramar hukumar Rafi a jihar Neja, yara 28 suka tafi. Maƙalun sun kai Amurka da Turai, ba su kai ƙauyen jihar da ke maƙwabtaka ba. Mu ma ƙasarmu ta haƙar ma'adinai ce, tun kuzar da aka haƙa a Nok har zuwa duwatsu masu daraja da matasa ke nema a ƙasar Jama'a, kuma masu iya magana sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Mai karatu zai ce, to me ya haɗa malamin adabi da duk wannan? Abin da ya haɗa mu shi ne zangon ƙarshe na tafiyar. Binciken Zariya da Ingilishi aka rubuta shi, Ingilishin likitoci, a mujallar da ko ɗalibin jami'a sai ya sha wuya kafin ya sa ta a ido. Matan da aka ƙidaya a cikinsa, da 'ya'yansu da jikokinsu, ba su taɓa jin abin da aka gano a kansu ba. A kudancin Kaduna muna da harsuna barkatai, Jju da Tyap da Hyam da sauransu, amma idan nas 'yar Kagoro ta zauna da mai ciki 'yar Madakiya da Bafulatana daga ruga, da Hausa suke magana. Da Hausa ake ciniki a kasuwar Kafanchan, da ita ake wa'azi a masallaci, da ita Zumuntar Mata take waƙa a coci. Ashe kuwa duk ilmin da bai shiga Hausa ba, a bakin gari ya tsaya.

Kuma ba fassara ce ta kalma da kalma ake bukata ba, domin sunan da aka kira ciwo da shi, shi ke zaɓa masa inda za a kai shi. Alal misali, idan mai ciki ta faɗi tana jijjiga aka ce iska ce, wurin mai ruƙiyya ko mai addu'a ko boka za a nufa. Idan kuwa an riga an shigar wa mutane cewa jijjiga ƙarshen hawan jini ce, kuma tana aiko da 'yan saƙonta tun da wuri, wato kumburin fuska da hannu, da ciwon kai mai tsanani, da gani dishi-dishi, to asibiti za a nufa, inda akwai allura mai araha da ke tsayar da ita. Haka kalmar kunya da kalmar haƙuri, waɗanda muke yabon mace da su, su ne kuma suke rufe bakin mai cikin fari har jini ya ƙare. Wa ya fi cancanta ya zauna ya warware waɗannan kalmomi in ba wanda sana'arsa kalma ba? Magabatanmu sun san haka. Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara a 1939, da Yaƙi da Jahilci, da ƙananan littattafan hukumar NORLA na shekarun 1950, duk sun ɗauki ilmin tsabta da lafiya sun sa shi a bakin talaka.

Saboda haka ina kira ga ɗalibanmu masu neman abin da za su rubuta kundin kammala karatu a kai, da masu gwada alƙalaminsu a wannan mujalla. Ku je wurin kakanninku da ungozomomin unguwanninku ku tattaro kalmomin ciki da naƙuda da jego da goyo kafin su tafi da su. Ku ɗauki bincike guda, ku nemi ɗalibin likita ya warware muku shi, sannan ku mayar da shi gajeren labari ko wasan kwaikwayo ko waƙar da za a iya rerawa a gidan suna. Ina kuma kira ga hukumomin jami'a su riƙa sa irin wannan aiki a cikin lissafin ƙarin girma, domin malamin da ya san ba za a ƙidaya masa abu ba, da wuya ya ɓata dare a kansa. Likita ya yi nasa, ya ƙidaya haihuwa 22,774 ɗaya bayan ɗaya, hannu ɗaya kuwa ba ya ɗaukar jinka. Ranar da yarinya a Madakiya ta gama makaranta kafin ta ɗauki ciki, ta je awo da ƙafarta, ta haihu ta tashi, ranar ce aikin malamin ya isa inda aka aike shi, ko da babu shafin intanet da zai ƙara masa lamba.

Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya raya abin da aka haifa, ya sa ilmin da muke tarawa ya amfani waɗanda aka tara shi a kansu.